Gonaki Takwas a Fadamar Argungu: Yadda Aka Zaɓi Hanyar Ƙididdiga a Wani Gwajin Takin Shinkafa

Tun daga watan Nuwamban 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, noman rani ya ƙara samun gindin zama a fadamun Argungu da Augie da Suru, kuma ɗaliban aikin gona da yawa suka koma ɗauko batun bincikensu daga shinkafa. Abin da ke ci wa galibinsu tuwo a ƙwarya shi ne yawan gonakin da za su iya bibiya, domin ɗalibin da ke biyan kuɗin mota da na 'yan ƙwadago daga aljihunsa ba zai iya zagaya gona hamsin a kowane mako ba. Wannan rubutu ya bi diddigin lamari guda irin wannan, na ɗalibin digiri na biyu da ya kammala aikin fili da gonaki takwas kacal, da yadda shi da malamin da ke duba aikinsa suka warware tambayar wace hanyar ƙididdiga ce ta dace da bayanansa. Alƙaluman da za a gani na misali ne, an tsara su yadda mai karatu zai iya maimaita lissafin da biro da takarda, saboda haka kada a ɗauke su a matsayin sakamakon da manomi zai dogara da shi.

Tambayar da ɗalibin ya fita nema ita ce ko binne dunƙulen takin yuriya a cikin laka ya fi watsa shi a kan ruwa kawo amfanin gona. Dalilin tambayar sananne ne ga masana ƙasa: idan aka watsa yuriya a fangalin da ruwa ya kwanta, wani kaso mai yawa na sinadarin naitirojin yakan tashi sama a matsayin iska ko ya bi ruwa ya tafi kafin saiwa ta kama shi, alhali dunƙulen da aka tura zurfin santimita 7 zuwa 10 a tsakiyar gindi huɗu, kimanin mako guda bayan dashe, yana narkewa a hankali a inda shuka ke buƙatarsa. Manoma goma ne suka amince su shiga gwajin, dukkansu masu shuka irin FARO 44, kuma kowannensu ya ware wani yanki na gonarsa aka raba shi gida biyu, rabi a watsa, rabi a binne.

Wani abu da ya faru a ranar rabon ya zamo ginshiƙin duk lissafin da ya biyo baya. Wasu daga cikin manoman sun so a sa sabon salon a ɓangaren da ke kusa da bakin bututun injin ban-ruwa, domin a ganinsu abin da baƙo ya kawo ya kamata a ba shi wuri mai kyau, wani dattijo kuma ya so akasin haka, yana gudun kada a yi masa gwaji a inda ya fi sa rai. Ɗalibin ya roƙe su a bar wa ƙuri'a ta yanke, aka rubuta gabas da yamma a ƙananan takardu biyu, aka dunƙule su, aka sa wani yaro ya ɗauki ɗaya a kowace gona. Kafin girbi gonaki biyu suka fita daga lissafi, ɗaya tsuntsayen jan-baki suka cinye ta, ɗaya kuma inji ya lalace ta yi kwanaki babu ruwa, kuma a duka biyun ɓarnar ta shafi ɓangarorin biyu ne daidai, wanda hakan ya sa cire su bai karkatar da gwajin zuwa wani gefe ba. A gonaki takwas da suka rage, ɗalibin ya yanki wurare biyar masu faɗin murabba'in mita ɗaya a kowane rabi, ya sussuke, ya shanya, ya auna, sannan ya mayar da nauyin zuwa tan a hekta.

Lissafin farko da abin da ya lalata shi

Da ya zauna gaban kwamfuta, sai ya zuba awo arba'in na watsawa a layi ɗaya na manhajar ƙididdiga ta SPSS, awo arba'in na binnewa a ɗaya layin, ya gudanar da gwajin t na rukuni biyu masu zaman kansu, wanda ke kwatanta matsakaicin rukunin biyu, ƙimar p, wato yiwuwar samun bambanci mai girman haka da sa'a kawai idan babu bambancin gaske, ta fito ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin shaidar bambanci, ya kai wa malaminsa yana murna. Hujjarsa ita ce an koya musu cewa samfuri in ya haura talatin ya wadatar, shi kuwa yana da arba'in a kowane gefe.

Tambayar farko da malamin ya yi masa ita ce sau nawa aka jefa ƙuri'a, amsar kuwa sau takwas ce. Wurare biyar da aka yanka a rabin gona guda ƙasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya, manominsu ɗaya, ranar dashensu ɗaya, saboda haka ba su kawo labari biyar masu zaman kansu ba. Wanda ya ƙirga su a matsayin biyar ya yi daidai da mai ƙarar da ya sa shaida guda ya maimaita magana sau biyar, sannan ya gaya wa alƙali cewa ya gabatar da shaidu biyar. Masanin halittu Stuart Hurlbert ya yi dogon rubutu a kan wannan kuskure a 1984, bayan ya duba binciken fili masu yawa ya tarar ya zama ruwan dare, kuma illarsa ita ce yana ƙanƙantar da kuskuren ƙiyasi, wato ma'aunin rashin tabbas da ke tattare da abin da aka ƙiyasta, ya sa sakamako ya yi kamar ya fi ƙarfin da yake da shi. Amfanin awo biyar ɗin shi ne su ba da matsakaici mai inganci ga kowane rabi, daga nan aikinsu ya ƙare.

Da aka taƙaita bayanan haka, ɓangarorin watsawa sun ba da tan 3.1, 4.6, 3.8, 5.4, 2.9, 5.0, 4.2 da 3.4 a hekta, matsakaicinsu 4.05, ɓangarorin binnewa kuma a jere iri ɗaya sun ba da 4.0, 5.0, 4.5, 5.2, 4.0, 5.3, 4.8 da 3.6, matsakaicinsu 4.55. Ɗalibin ya sake gudanar da gwajin nan na rukuni biyu da lambobi takwas a kowane gefe, sai ƙimar t ta dawo 1.28, p kuma ta haura zuwa kusan 0.22, hankalinsa ya tashi, ya fara tunanin cewa wahalar wata huɗu ta tashi a banza.

A nan ne kuskure na biyu ya bayyana, wanda ke ja zuwa ɗaya gefen. Gonakin sun bambanta da juna ƙwarai, daga mai ba da tan 2.9 zuwa mai ba da 5.4, kuma gwajin rukuni biyu yana zuba duk wannan bambanci na ƙasa da ruwa da hannun manomi a cikin kuskuren da yake auna tasirin taki da shi. Amma an tsara aikin ne tun farko don a kauce wa hakan, tunda kowane manomi da kansa ake kwatanta shi. Abin da ya kamata a duba shi ne bambancin rabi da rabi a cikin kowace gona, wato 0.9, 0.4, 0.7, −0.2, 1.1, 0.3, 0.6 da 0.2. Waɗannan lambobi takwas su ne ainihin bayanan binciken. Abin lura shi ne lissafin farko mai awo arba'in ya ba da amsar da ta yi kusa da ta gaskiya, amma da sa'a ne kawai, domin kurakurai biyu ne suka ci karo suka rage wa juna kaifi, kuma a wasu bayanan da ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Hanyoyi uku a kan lambobi takwas

Gwajin t na bambancin da aka haɗa biyu-biyu shi ne zaɓi na farko, kuma asalinsa ma don irin wannan yanayi aka ƙirƙire shi. William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a birnin Dublin na ƙasar Ayalan, wanda aikinsa ya haɗa da gwajin irin sha'ir, shi ne ya wallafa shi a 1908 a mujallar Biometrika da sunan aro na Student, bayan ya lura cewa lissafin da aka saba yi wa manyan samfura yana yaudarar mai awo huɗu ko goma. A bayanan Argungu matsakaicin bambancin tan 0.5 ne, ma'aunin warwatsuwarsa 0.41, kuskuren ƙiyasi kuma 0.146, wanda ya ba da t ta 3.42 da p ta kusan 0.011. Gyaran da Gosset ya kawo yana fitowa fili wajen gina tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari, wato iyakoki biyu da ake sa ran ainihin bambancin yana tsakaninsu: a babban samfuri ana ninka kuskuren ƙiyasi da 1.96, amma ga gonaki takwas jadawalin t ya ce a ninka da 2.365, kuma da gonakin shida ne da lambar ta kai 2.571. Tazarar ta kama daga tan 0.15 zuwa 0.85 a hekta.

Sharaɗin wannan gwaji shi ne bambance-bambancen su fito daga rarrabuwa mai siffar ƙararrawa ko abin da ya yi kusa da ita. Ɗalibin ya ce ya gudanar da gwajin Shapiro da Wilk na 1965, mai duba ko bayanai suna da wannan siffa, kuma bai nuna matsala ba, malamin ya nuna masa cewa da lambobi takwas wannan gwaji ba shi da ƙarfin gano karkata sai in ta yi muni sosai, don haka shirunsa ba tabbaci ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne a ɗiga lambobin takwas a kan layi a dube su da ido, a ga ko akwai wadda ta yi nisa da 'yan'uwanta, sannan a haɗa da sanin da ake da shi cewa nauyin amfanin gona, musamman idan matsakaicin awo da yawa ne, ba ya yawan karkata gefe guda kamar yadda kuɗin shiga ko adadin ƙwari ke yi. A nan lambobin sun bazu daidai daga −0.2 zuwa 1.1 ba tare da wadda ta fita zakka ba.

Zaɓi na biyu ya dogara ne kai-tsaye a kan ƙuri'ar da yaron nan ya ɗauka, kuma a ganina shi ne mafi sauƙin karewa a gaban kwamitin jarrabawa. Tunanin ya samo asali daga Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila daga 1919. Idan salon sa taki ba ya canza komai, to alamar ƙari ko ragi da ke gaban kowane bambanci ƙuri'a ce kawai ta kawo ta, domin da takardar ɗaya yaron ya ɗauka da 0.9 ta zama −0.9. Gonaki takwas suna ba da hanyoyi 256 da alamomin za su iya jeruwa. Jimillar da aka samu 4.0 ce, kuma hanyoyi uku ne kawai cikin 256 ke kai wa 4.0 ko fiye, wasu uku kuma ke kai wa haka ta ɓangaren ragi, wato shida cikin 256, p ta 0.023. Gwajin Frank Wilcoxon na 1945, wanda ke maye gurbin lambobin da matsayinsu daga ƙarami zuwa babba, ya ba da wannan amsa daidai a waɗannan bayanai. Da an bar manoma sun zaɓi ɓangaren da suke so, da wannan hujja ta rushe gaba ɗaya, kuma babu wani gwajin da zai iya raba tasirin taki da tasirin kusanci da bakin bututu.

Zaɓi na uku shi ne gwajin alama, wanda ke ƙirga gonaki nawa binnewa ta yi nasara ba tare da duba girman nasarar ba. Bakwai cikin takwas ya ba da 18 cikin 256, wato 0.070, wanda bai kai ga iyakar 0.05 da aka saba ba. Ga bayanai iri ɗaya, ke nan, an sami 0.011 da 0.023 da 0.070, kuma a nan ne jarrabawar gaskiya take ga mai bincike, domin wanda ya gwada duka ukun sannan ya rubuta wadda ta fi yi masa daɗi ya riga ya ɓata ma'anar lambar da ya rubuta. Ƙa'idar da malamin ya bi ita ce a koma ga takardar ƙudurin bincike da aka amince da ita kafin a je fili, inda aka rubuta cewa za a kwatanta nauyin amfanin gona a cikin kowace gona, wanda hakan ke nuni ga gwajin t na biyu-biyu a matsayin babban lissafi, a kawo na ƙuri'a a gefensa domin a nuna cewa sakamakon bai rataya a kan zaton siffar ƙararrawa ba. An ajiye gwajin alama ne saboda yana zubar da labarin da aka sha wahalar aunawa, tunda a wurinsa ragin 0.2 da ƙarin 1.1 nauyinsu ɗaya.

Akwai iyakar da ya kamata duk mai shirin irin wannan aiki ya sani tun kafin ya fita. Da tsuntsaye sun ƙara cinye gonaki uku aka rage da biyar, hanyoyin jeruwar alamomi 32 ne kawai, kuma ko da binnewa ta yi nasara a duka biyar ɗin, p mafi ƙanƙanta da gwajin Wilcoxon ko na ƙuri'a zai iya bayarwa ita ce biyu cikin 32, wato 0.0625. Haka ma gwajin Mann da Whitney na 1947 idan aka ba shi rukuni biyu masu abu uku-uku, ba zai taɓa sauka ƙasa da 0.1 ba. Shawarar da ake yawan bai wa ɗalibai cewa ƙaramin samfuri sai gwajin matsayi tana da wannan rami a cikinta. Ɗalibin ya kuma kawo batun dabarar butstarap ta Bradley Efron ta 1979, wadda kwamfuta ke sake ɗibar samfuri daga cikin samfurin sau dubbai, amma an bar ta, domin da lambobi takwas takan ba da tazarar da ta fi gaskiya ƙunci.

Sauran tambayoyin binciken

Babi na biyu na aikin tambayoyi ne da aka yi wa manoma ashirin, goma da suka ga gonakin gwajin da idonsu, goma da labari kawai suka ji. Takwas daga rukunin farko sun ce za su gwada binnewa a noman rani mai zuwa, uku kuma daga na biyu. Gwajin kai-sukwaya, mai kwatanta adadin da aka ƙirga da adadin da ake tsammani idan babu bambanci, ya ba da p ta 0.025, amma biyu daga cikin gidaje huɗu na jadawalin adadin da ake tsammani a cikinsu 4.5 ne, ƙasa da biyar ɗin da ƙa'idar William Cochran ta nema. Gwajin Fisher na ainihi, wanda ke ƙirga dukkan jadawalan da za su iya fitowa, ya ba da 0.070. Gaskiya ne cewa masana da dama suna ganin gwajin Fisher yana da tsauri fiye da kima, amma idan sauya amsar mutum guda zai iya juya hukunci, abin da ya dace a rubuta shi ne adadin kamar yadda yake, takwas cikin goma da uku cikin goma, a ce alama ce da ke buƙatar a tambayi mutane da yawa. Ban da haka, waɗanda suka taka zuwa kallon gonakin wataƙila tun asali su ne masu son sabon abu.

Ɗalibin ya kuma rubuta a daftarinsa cewa binnewa ba ta sa shinkafa kwanciya, saboda babu gona ko ɗaya cikin takwas da ta kwanta. An gyara jimlar, domin sifili cikin takwas bai kore yiwuwar cewa matsalar na faruwa a kusan kashi 31 cikin ɗari na gonaki ba, idan aka yi lissafin iyakar sama a matakin amincewa na kashi 95.

Abu na ƙarshe da ya ja hankalinsa shi ne gonakin da suka fi rauni, masu 2.9 da 3.1, su ne suka fi samun ƙari, gonar da ta fi kowacce kuma ita ce ta samu ragi, sai ya so ya kafa babi guda a kan cewa binnewa ta fi amfanar ƙasa maras ƙarfi. Zancen yana da ma'ana ta fuskar ilimin ƙasa, sai dai lissafin da kansa yana haifar da irin wannan siffa ko da babu komai a ƙasa: rabin da aka yi rashin sa'a awonsa ya fito ƙasa da gaskiyarsa zai bayyana a matsayin gona mai rauni, kuma wannan rashin sa'ar ce za ta kumbura bambancin da aka ɗebe daga gare shi. Ga kuma gona mai 3.4 da ƙarinta bai wuce 0.2 ba. An bar batun a matsayin tambaya ga bincike na gaba, inda za a auna ƙarfin ƙasa kafin dashe.

A rahoton da aka miƙa, an sa jadawalin gonaki takwas ɗin gaba ɗaya tare da bayanin biyun da suka fita da dalilin fitarsu, aka rubuta cewa binnewa ta ƙara kimanin rabin tan a hekta, kuma bayanan sun dace da ƙarin da bai wuce tan 0.15 ba kamar yadda suka dace da wanda ya kai 0.85. Idan aka ɗauki buhun shanshera a kilo 100, wannan na nufin daga buhu ɗaya da rabi zuwa takwas da rabi, kuma tsakanin waɗannan iyakoki biyu ne shawarar manomi take, domin tura dunƙule da hannu gindi bayan gindi yana cin kuɗin ƙwadago da buhu ɗaya da rabi ba lallai ya biya ba. An kuma bayyana cewa sakamakon na noman rani guda ne, da iri guda, a gonakin mutanen da suka ba da kansu, waɗanda ba su wakilci dukkan manoman Kebbi ba. Ga wanda zai ci gaba da aikin, an lissafa cewa idan warwatsuwar ta tsaya a 0.41, ana buƙatar gonaki kusan ashirin kafin tazarar ta matse zuwa tan 0.2 a kowane gefe, kuma an ba da shawarar a rage wuraren yanka daga biyar zuwa uku a kowane rabi, a karkatar da kuɗin da lokacin zuwa ƙarin gonaki a Augie da Suru, tare da ɗaukar biyu ko uku na rara saboda tsuntsaye da lalacewar inji.